Darasi na 7: Yadda Baƙuwar Kwamfuta Ke Sanin Abin da Furosesa Ta Iya

Manhajoji irin su VirtualBox, VMware da QEMU suna ba mutum damar girka wata kwamfuta a cikin wadda yake da ita, har ya buɗe Linux a cikin Windows ba tare da ya sayi sabuwar na'ura ba. Kwamfutar ainihi ita ce mai masauki, ta cikinta kuwa baƙuwa ce, kuma duk lissafin da baƙuwar za ta yi, furosesar mai masauki, wato ƙwaƙwalwar lissafin kwamfutar, ce ke yin sa.

Kafin baƙuwa ta fara aiki, sai ta tambayi furosesa wane kamfani ya ƙera ta da irin umarnin da take ganewa. Ana yin wannan tambaya da wani umarni mai suna CPUID, wanda kamfanin Intel ya fito da shi a 1993. A kwamfutar da babu baƙuwa, furosesa ce ke amsawa da kanta, ta ce "GenuineIntel" ko "AuthenticAMD", sannan ta jero ƙwarewarta. Amma idan baƙuwa ce ta yi tambayar, furosesa takan dakatar da ita na ɗan lokaci ta miƙa maganar ga manhajar da ke kula da baƙi, ita ce za ta shirya amsa. Fasahar VT-x ta Intel, wadda ta fito a 2005, da AMD-V ta 2006 su ne suka sauƙaƙa wannan tarewa.

A nan ne ya kamata mai koyo ya natsu, domin manhajar tana iya faɗin duk abin da furosesa ta iya, tana kuma iya rage wani abu. Dalilin ragewa shi ne ƙaura: a manyan cibiyoyin kwamfuta akan ɗauke baƙuwa daga wata na'ura zuwa wata tana tsaka da aiki. Idan an shaida wa baƙuwa cewa akwai AVX2, wani rukunin umarni da ya zo da furosesar Haswell ta Intel a 2013, sannan aka mai da ita kan tsohuwar na'urar da ba ta da shi, shirin da ya dogara da shi zai tsaya cak. Saboda haka masu kula da irin waɗannan cibiyoyi sukan sa a bayyana abin da dukkan na'urorinsu suka yi tarayya a kai kawai, kamar ayarin da ke tafiya daidai da ƙarfin raƙumin da ya fi rauni.

Rage bayanin fiye da kima shi ma matsala ne. Samfurin furosesa mai suna qemu64, wanda QEMU ke iya nuna wa baƙuwa, yana ɓoye rukunin umarni na SSE4.2, shi ya sa Red Hat Enterprise Linux 9, wanda ya fito a 2022 kuma yake buƙatar SSE4.2, ba ya tashi a kan wannan samfurin ko da na'urar sabuwa ce fil. Ga mai kwamfuta ɗaya a gida ko a shago, wanda ba ya ƙaura da baƙuwarsa, ya fi dacewa ya zaɓi "-cpu host" a QEMU domin a nuna mata kusan duk ƙwarewar furosesarsa.

Aikin gwaji: ku buɗe tagar umarni a baƙuwar Linux, ku rubuta lscpu, ku nemi kalmar "hypervisor" a jerin da ya fito, domin ita ce shaidar cewa an sanar da ita baƙuwa ce. Daga nan ku kwatanta jerin da na mai masauki, ku rubuta a littafinku abubuwan da aka ɓoye.