Yadda na gyara layi mai gaɓa-gaɓa da ya ƙi rabuwa

Taswirar gonakin shinkafa na fadamar Argungu nake zanawa da Canvas (hanyar yin zane a shafin intanet ta rubuta umarnin kwamfuta), ina so hanyoyin ruwa su fito gaɓa-gaɓa. Na sa setLineDash([10, 6]), wato tsawon gaɓa 10, tazara tsakaninsu 6, kaurin layi kuma 8, sai ga layin a haɗe kamar igiyar guga. Abin ya dame ni ƙwarai, don manomi ba zai bambanta hanyar ruwa da iyakar gona a wayarsa ba.

Ashe lineCap, wato saitin siffar bakin layi, na bari a "round" (mulmulalle). Shi kuwa yakan ƙara rabin kaurin layi a kowane bakin gaɓa: 4 nan, 4 can, suka cinye tazarar 6 ɗin tas. Na mayar da tazarar 14, giɓi ya bayyana sarai, bakin kowace gaɓa a mulmule yadda nake so.