Yadda za a gyara takardar natija iyaye su gane inda ɗansu ya kai

Takardar natija da ƙananan makarantu ke rabawa a Mai Wurno, Gadarif da Kassala, a ƙasar Sudan, abu uku ta saba nunawa: makin kowane darasi, jimla, sai tartibi, wato na nawa yaro ya zo a aji. Uba ya karɓa, idonsa ya sauka kan tartibin, ko ya ce madalla ko ya ɗaure fuska, shi ke nan. Bai san ko ɗan ya iya karanta layi biyu ba. Shahada, wato takardar shaidar da ma'aikatar ilimi ke bayarwa, ba a taɓa ta. Wadda makaranta ke bugawa da kanta a ƙarshen zango ita za a gyara.

Takardar A4 ɗaya ta isa. A ninke ta biyu, ta ba da shafi huɗu: na gaba suna, aji da kwanakin zuwa, biyun ciki darussa, na baya na iyaye. A buga da baƙin rubutu zalla, domin launi da inuwa dagulewa suke yi a fotokofi. Kanun kowane layi ya zo da Larabci, a ƙarƙashinsa Hausa da ajami. Iyaye da kakanni da suka yi karatun allo baƙaƙen Larabci suka sani, boko ba zai yi musu amfani ba. Mutum ɗaya ya tsara ajamin, in ba haka ba kalma guda za ta fito da rubutu iri uku.

Babban aikin yana shafukan ciki. Maki 60 a lissafi ba ya faɗin komai. Yaro ɗaya ya ci 45 cikin 50 a tarawa da debewa, ya ci 15 a rabawa. Wani ya ci 30 a nan, 30 a can. Dukansu 60, amma ciwonsu daban, maganinsu daban. Don haka a tsaga kowane darasi gida uku, in ya yi yawa huɗu. Larabci: karatu a bayyane, imla'i (wato shifta), fahimtar abin da ya karanta. Alƙur'ani: hadda, tilawa, da surar da ya tsaya. Kada a rubuta "ƙwarewar harshe", a rubuta "yana karanta sakin layi ba tare da ya tsaya haɗa baƙi ba".

Gaban kowane layi a sa akwati huɗu: ya iya shi kaɗai, ya iya in an taimaka masa, ya fara, bai fara ba tukuna. Kada su kai biyar, domin malamin da ya gaji akwatin tsakiya zai bi ya cike wa aji duka. Kafin a fara, malaman aji ɗaya su ɗauki littattafan yara goma, kowa ya auna shi kaɗai, sannan a kwatanta. Inda aka saɓa a tsayar da magana a rubuce. In aka tsallake wannan zama, "ya iya" na wani ustaz zai zama "ya fara" na wani, iyaye kuwa suna haɗa takardun 'ya'yansu a gida su duba.

Makin jarrabawa a bar shi a gefe, iyaye sun saba da shi. Kusa da shi a buɗe gurbin zangon da ya wuce. Wannan gurbi ya ƙara muhimmanci tun yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023: makarantu sun daɗe a rufe, wasu sun zama masaukin 'yan gudun hijira, yanzu aji ɗaya yana ɗauke da yaran da suka yi shekara ko fiye ba su riƙe alƙalami ba. Yarinyar da ta tashi daga maki 25 zuwa 48 ta yi aiki, ko da ita ce ta 50 a aji. Tartibi ɓoye wannan yake yi. Gara a cire shi, wanda ya nace ya ji daga bakin mudir, wato shugaban makaranta.

Kwanakin zuwa a rubuta su da lamba, misali 61 cikin 70, da dalilin fashi: ciwo, tafiya ko gona. A yankin Gadarif lokacin yankan riɗi yana kwashe yara, uba kuma ba ya lissafin kwanakin sai ya gan su a takarda.

Sharhin malami jimla biyu ne: abin da yaro ya iya, da abu ɗaya da za a yi a gida. "Ya ƙara ƙoƙari" ba sharhi ba ne. "Ta haddace jadawalin ninkawa har gidan biyar. A riƙa tambayarta gidan shida minti goma bayan magariba." Aji mai yara 60, minti uku kowanne, awa uku ke nan, don haka a raba shi kwana uku. Wanda ya yi a dare ɗaya, daga yaro na ashirin zai fara maimaita kansa.

A shafin baya a bar wurin sa hannu ko dangwale, da layi biyu na abin da iyaye suka lura da shi a gida. Kada a watsa hoton natija a zauren WhatsApp na iyaye, a tura wa kowa tasa, da saƙon murya ga wanda ba ya karatu.

Kafin a buga da yawa, a buga biyar a ba iyaye biyar, har da uwa ko kaka. Bayan minti ɗaya a karɓe, a tambaya: me ya iya, ina ya makale, me za ku yi a gida? Layin da mutum biyu suka kasa amsawa a sake rubuta shi, a kuma gwada da wasu biyar.