Ga masu shirin tafiya Danmak: zafi ma rumbu gare shi

Tun da na dawo Sakkwato hutu, ƙannenmu da suka samu gurbin karatu a Danmak suke tambayata wace rigar sanyi za su saya. Rigar ba wuya, can za ku samu wadda ta fi ta Tsohuwar Kasuwa kauri. Abin da ba ku tambaya ba shi ne zafin ɗaki, alhali shi ke cin kuɗi.

Mu nan a watan Afrilu rana kan wuce digiri 40, inuwa muke nema da ruwan randa. Su kuwa a Disamba yininsu wajen awa bakwai ne kawai, a Yuni ya haura sha bakwai. Sai suka yi wa rana abin da manomi ke yi wa gero: a tara da kaka, a ci da bazara. A garin Vojens, a kudancin ƙasar, wani tsohon ramin tsakuwa suka shimfiɗe da leda mai kauri, suka zuba masa ruwa wajen lita miliyan 200, suka rufe shi da murfi mai yawo a kan ruwan don kada zafi ya tsere. Tun 2015 farantai masu faɗin murabba'in mita 70,000 ke dumama ruwan nan duk tsawon watannin rana. Ba irin solar ɗinmu ba ne mai ba da wuta, ruwa ke zagayawa cikinsu ya ɗauko zafi. In sanyi ya shigo, sai a tura zafin ta bututun ƙarƙashin ƙasa zuwa gidaje. Ba ya kai su ƙarshen shekara shi kaɗai, da gas da lantarki ake cike giɓin.

Ba kowane gari ke da irin wannan rufewa ba, amma wajen kashi biyu cikin uku na gidajen ƙasar ta bututu zafi ke iske su. Fjernvarme suke ce masa. Ku riƙe kalmar, da kuma aconto da za ku gani a takardar haya: kuɗin zafi ne na kintace da ake biya duk wata, a yi lissafi sau ɗaya a shekara. Wanda ya ci fiye da abin da ya biya, sai ya cika. Shekarata ta farko na murɗa makunnin ƙarfen dumama ɗaki zuwa lamba 5, ina yawo da singileti kamar a Mabera, taga kuma a ɗage. Da takarda ta zo, kuɗin da na tara na Sallar gida ne ya tafi.

Ku bar shi a kan 3, wajen digiri 20 ke nan, ku sa suwaita da safa. Taga kuwa a wangale ta minti biyar zuwa goma, safe da yamma, a rufe. In ba ku yi ba, tururin girki da shanya zai sa bango ya yi fumfuna, ranar tashi mai gida ya zare daga kuɗin ajiyarku.

Kaskon gawayi na hunturunmu, ku bar shi a gida. Ɗakunansu a toshe suke ruf, iskar gawayi ba ta da wari, cikin barci take kashe mutum. Turaren wuta ma, 'yan'uwa mata, yana iya tayar da ƙararrawar hayaƙi, a nemi kaskon lantarki.