Darasi na Bakwai: Ƙwai Mai Taushin Ɓawo

Wata rana za ku shiga akurki ku tarar da ƙwai ba ɓawo, sai wata 'yar fata da ta rufe gwaiduwa da farin. Idan aka taɓa shi sai ya lotsa. Wani kuma yana da ɓawon, amma da an ɗauka ya fashe a hannu. Wasu kan ce tsorata kazar aka yi. Hakan na faruwa, amma sau da yawa laifin na abinci ne.

Babban abin da ake bukata wajen gina ɓawon ƙwai wani sinadari ne, wanda ake kira kalsiyam. Shi ne kuma ke ƙarfafa ƙashin mutum da na dabba. A ɓawon ƙwai ɗaya akwai kalsiyam wajen giram 2. To amma ba duk abin da kaza ta ci jikinta ke ɗauka ba, don haka kazar da ke ƙwai kullum tana bukatar wajen giram 4 a rana.

Ƙwai yakan ɗauki awa 24 zuwa 26 kafin ya kammala a cikin kaza. Wajen awa 20 daga ciki, aikin ɓawo ake yi, kuma mafi yawansa da dare ne, lokacin da kaza ba ta cin komai. Idan babu kalsiyam a cikinta, sai jiki ya ciro daga ƙashinta. Shi ya sa za ku ga kaza mai yawan ƙwai ta fara ɗingishi, ko ta kwanta ta kasa tashi.

Kazar da ke yawo a tsakar gida da bayan gari ba ta cika samun wannan matsala ba. Tana tona ƙasa, tana cin gara da ƙwari da ganye da guntayen ƙashi, ga shi ƙwanta bai da yawa. Matsalar takan taso ne idan an kulle kaji da damina don kada su yi ɓarna a gona, ko kuma an sayo kajin gidan gona ana ba su dusa da tsaki kawai. Gero da dawa da masara suna ƙosar da kaza, har ta yi ƙiba, amma kalsiyam ɗin da ke cikinsu kaɗan ne ƙwarai. Dusa ma haka.

Maganin yana kusa, kuma ba sai an kashe kuɗi ba. Ku daina zubar da ɓawon ƙwai. Wanda ke da mai shayi a unguwa ya roƙe shi ya riƙa tara masa, domin a nan ɓawo ya fi yawa. A wanke shi, a shanya ya bushe sarai, a ɗan gasa a kasko don a kashe ƙwayoyin cuta, sannan a daka a turmi. Kada a ba su ɓawon da ba a daka ba. Kazar da ta saba ganinsa da siffar ƙwai za ta koyi fasa ƙwanta tana sha, kuma wannan hali yana da wuyar bari.

Kada kuma a daka ya zama gari lilis. A bar shi da ɗan tsaki-tsaki, domin irin wannan yana daɗewa a ƙundu, yana narkewa a hankali har cikin dare. Da la'asar ya fi dacewa a ba su. A zuba a wani mazubi daban, mai bukata za ta je ta ci da kanta.

Ƙashin da aka ƙona aka daka shi ma yana taimakawa, haka nan ɓawon katantanwa. Mai hali ya sayi abincin kaji masu ƙwai a shago, wanda an riga an haɗa masa kalsiyam. Sai dai ba a ba 'yan tsaki irin wannan abinci, yana lalata musu ƙoda. Kanwa kuwa ba ta maye gurbin kalsiyam, farar ƙasar shafen ɗaki ma kada a kusanta ta da abincinsu.

Ko an ba da kalsiyam, jiki ba ya amfana da shi sosai sai da bitamin D, wanda kaza ke samu daga hasken rana. Akurki mai duhu ba ya kyau. A bar su su sha hantsi.

Akwai lokacin da ba abincin ba ne. Da bazara, kaza na haki saboda zafi, ba ta cin abinci sosai, ɓawo sai ya yi rauni. A sama musu inuwa da ruwan sanyi. Sagarar da ta fara ƙwai takan yi mai taushi sau ɗaya ko biyu kafin ta daidaita, tsohuwa kuma ɓawonta yakan ragu da ƙarfi. Amma idan taushin ya zo da tari, da koren zawo, da murɗewar wuya, musamman da hunturu, to alamar cutar Nukasil ce. A ware marasa lafiya nan take, a nemi malamin dabbobi. Akwai rigakafinta, ana yin sa a cibiyar binciken dabbobi ta Vom da ke Jihar Filato.

Aikin aji

1. Me ya sa ake daka ɓawon ƙwai kafin a ba kaji?
2. Kaza ɗaya tana bukatar kalsiyam giram 4 a rana. Giram nawa kaji 6 ke bukata a mako ɗaya?
3. Rubuta abin da kajin gidanku suka ci jiya, ku kawo mu duba tare.