Yadda nake lissafin tafiya daga Tirinidad zuwa Tobago

Duk wanda ya tambaye ni tsawon wannan tafiya tsakanin tsibiran nan biyu na yankin Karibiyan, nakan ce masa ya fara riƙe lambobin filayen jirgin saman biyu: POS na Piarco a Tirinidad, TAB na A.N.R. Robinson a Tobago. Da su za ka nemi tikiti ba ruɗani. Tsakaninsu kilomita 80 ne da 'yan kai, kuma jirgin Caribbean Airlines mai farfela, ATR 72, yakan cinye ta cikin kamar minti 25. Ranar da na fara hawa, ban gama kallon teku ta taga ba sai na ji tayoyi sun fito.

Amma kada minti 25 ɗin nan ya ruɗe ka. A ƙasa lokaci ke tafiya. Daga Port of Spain, babban birnin ƙasar, zuwa Piarco akwai cunkoson motoci a kan titin Churchill-Roosevelt, musamman da yamma, don haka nakan bar masauki awa 2 kafin tashi. Katin shaida yana aljihun gaba, jaka ƙarama a hannu. Ƙasa ɗaya ce, agogo ɗaya, ba sai ka juya shi ba.

Lokacin Kanibal kuwa, wato babban bikin shekara-shekara na ƙasar, ka kama kujera tun da wuri.