Yadda ake yin guzuri a Monson kafin shiga dajin mil 100

Hanyar ƙafa ta Appalachian a Amurka ta taso daga jihar Jojiya zuwa Dutsen Katahdin a jihar Maine, kusan kilomita 3,500. Ga mai nufar Katahdin, Monson a jihar Maine ne garin ƙarshe kafin dajin mil 100 da hanyar ke ratsawa, daga nan kuma babu shago sai Gadar Abol da ke ƙarshen dajin.

Da isarka, wuce gidan waya da katin shaida ka karɓi kwalin guzurin da ka riga ka aika wa kanka. Ran Lahadi a rufe yake, sai ka lissafa kwanakinka.

Sannan ka zauna ka auna abinci. Allon da ke bakin dajin ya ce a ɗauki na kwana 10, amma wanda ƙafarsa ta saba yakan ƙetare cikin mako guda. Zaɓi marar nauyi mai riƙe ciki: markaɗaɗɗiyar gyaɗa, taliyar leda, busasshen nama. Gwangwani kuwa, bar wa mai kanti kayansa. In jaka ta fi ƙarfinka, masaukan garin kan kai guzuri tsakiyar daji ta hanyoyin motocin katako, a biya su. A ganina kuɗin bai tafi a banza ba.

Duba takalmi, sayi gas na girki, yi cajin waya. Tambayi labarin koguna, don akwai waɗanda ake ratsawa da ƙafa, kuma bayan ruwan sama sukan yi ƙarfi.

Kafin ka tashi, nemi bayanin ƙa'idar gandun dajin Baxter, inda Dutsen Katahdin yake. Masu doguwar tafiya sai da takardar izini suke hawa Katahdin, kuma daga tsakiyar Oktoba ana rufe sansanonin kwana na gandun.