Yadda Ake Girki Mai Ɗanɗano da Gishiri Kaɗan Domin Masu Hawan Jini

Idan likita ya ce wa mai hawan jini ya rage gishiri, abin da yakan fara zuwa masa a rai shi ne abinci lami wanda ake turawa don dole, kuma wannan tunani ne ke sa mutane da yawa su yi ƴan kwanaki suna ƙoƙari sannan su koma gidan jiya. Matsalar ita ce akan cire gishirin kawai a bar girkin yadda yake, alhali akwai hanyoyin fito da daɗin abinci tun daga kan wuta.

Abin da ke tayar da jini a cikin gishiri shi ne sinadarin sodiyam, wanda idan ya yi yawa yakan sa jiki ya riƙe ruwa, jinin da ke bin jijiyoyi ya ƙaru, zuciya kuma ta riƙa aiki fiye da kima. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babban mutum ya kai miligiram 2,000 na sodiyam a rana, wato gishiri ƙasa da giram 5, kimanin ƙaramin cokalin shayi guda, amma a lissafin hukumar abin da ake ci a duniya ya ninka haka har da ɗoriya. Wannan cokali guda kuwa ya haɗa da gishirin da ke cikin burodi, da abincin gwangwani, da naman da aka sarrafa, da dunƙulen ɗanɗano, wanda kaso mai yawa na nauyinsa gishiri ne. Wanda ya daina zuba gishiri ya ƙara dunƙule biyu bai rage komai ba.

Saboda haka matakin farko shi ne awo. Da safe a auna rabon gidan na wannan rana a ƙaramin kofi, a bar sarari domin gishirin da ke ɓoye cikin kayan da aka saya, sannan duk girkin ranar a ɗiba daga nan maimakon a riƙa kai hannu cikin mazubi. A rage sannu a hankali, domin harshe kan saba cikin ƴan makonni, har abincin da a da ake jin daidai yake ya koma yana yi wa mutum zafin gishiri.

Babban aikin yana wajen suya da gashi. A yanka albasa da yawa, a zuba ta cikin mai kaɗan a kan wuta marar ƙarfi, a riƙa juyawa har ta yi laushi ta koma ruwan zuma, abin da kan ɗauki kusan minti 20. A nan ne zaƙinta ke fitowa, kuma gaggawa ce ke hana yawancin masu girki samunsa. Daga nan a sa dakakkiyar tafarnuwa da citta, a ba su minti guda kacal, domin tafarnuwa idan ta ƙone ɗaci take yi. Busassun kayan ƙamshi irin su masoro, kurkum, kanumfari da kirfa su ma a zuba su cikin man nan kafin ruwa ya shiga, saboda ƙamshinsu a mai yake narkewa. Tumatir a soya shi har ruwansa ya tsane, launinsa ya yi duhu. Nama ko kifi a tsane shi da kyau, a ɗora a kasko mai zafi, a ƙyale shi har gefen ya yi ja kafin a juya, sannan abin da ya kama a gindin kaskon a zuba masa ruwa kaɗan a kankare shi cikin miya. Romo kuwa gara a dafa shi a gida da ƙashi da albasa da karas, a ajiye a firiji, ya maye gurbin dunƙule.

A ganina, abin da aka fi mantawa da shi shi ne tsami. Sau da yawa idan aka ɗanɗana miya aka ji kamar da saura, ɗigon lemun tsami ko ruwan khal bayan an sauke tukunya yakan farfaɗo da ita. Ɗanyen ganye kamar na'a-na'a shi ma a ƙarshe ake sa shi. Ɗan gishirin da aka auna a barbaɗa shi dab da sauke abinci, domin wanda ke sama shi harshe ke fara tararwa. Shinkafa da taliya ana iya dafa su babu gishiri sam, tunda miya za ta rufe.

Wajen saye a duba jikin kwali: idan sodiyam aka rubuta, a ninka adadin sau biyu da rabi a sami nauyin gishirin. Wake ko masarar gwangwani a tsiyaye ruwansu a ɗauraye. Gishirin teku da mai launin hoda duk sodiyam ɗinsu kusan ɗaya ne da na yau da kullum, don haka gara a tsaya ga mai sinadarin aidin.

Potasiyam, wanda ake samu a ayaba, wake, dankali da alayyafo, yana taimaka wa ƙoda fitar da sodiyam. Akwai kuma gishirin da aka musanya wani kasonsa da potasiyam. Wani bincike da aka yi a ƙauyuka 600 na ƙasar Sin, aka wallafa a 2021, ya nuna cewa shanyewar ɓarin jiki ta ragu da kashi 14 cikin 100 a tsakanin masu amfani da shi. Sai dai mai ciwon ƙoda, da mai shan magunguna irin su lisinopril, losartan ko spironolactone, kada ya fara shi sai da izinin likita, domin potasiyam na iya taruwa a jininsa ya dagula bugun zuciya. Haka nan idan awo ya nuna jinin ya fara sauka, likita ne kaɗai zai ce a rage magani ko a bar shi yadda yake.